Kunyar 'Yar Fari Ta Kusa Cinye Ƙafafun Ɗiyata

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya halicci ƙafa ya kuma san inda za ta taka. Sunana Zinatu, 'yar Aliero ce ni, ina aure a Fagada ta ƙasar Jega. Ni ba gwanar rubutu ba ce, iyakata sakandare, amma na yi alkawari sai na rubuta wannan saboda matan da za su haifi irin abin da na haifa, musamman masu haihuwar fari. Magani mun samu, kuma da wuri. Abin da ya kusa nakasa mini yarinya bakina ne da na ƙi buɗewa.

Da cikin ya kai wata bakwai aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowa. Na haihu ranar Talata da hantsi, mace. Ungozoma ta yanke cibi, ta ɗaga ta za ta wanke, sai na ji ta yi tsit. Inna, mahaifiyata, ta leƙa, ta ce, "Innalillahi." Ina kwance ina jin su, amma ban tambaya ba. A wurinmu mai haihuwar fari ba ta nuna ta damu da abin da ta haifa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko nono za ta ba shi sai an yi ta fama da ita tana kau da kai. Haka na taso na gani, kuma ina alfahari da cewa ni mai kunya ce. Sai da ɗakin ya watse na janye zanen na duba. Ƙafafun duka biyun sun lanƙwashe ciki, tafi yana kallon tafi, diddige ya ɗage sama, kamar an naɗe su an manta ba a warware ba. Na rufe ta, na juya fuskata bango, na yi kukana ba sauti.

Wanda ya san Aliero ya san garin albasa ne kuma garin maɗora. Baba yana cikinsu, ɗori ya gada, kullum zaurenmu cike yake da masu karaya. Shi ya sa duk wadda ta zo barka sai ta ce, "Ai da sauƙi, gidan magani ta faɗo." Rana ta uku aka kai masa ita. Ya daɗe yana shafa ƙafafun da babban yatsansa, yana juya su a hankali. Daga nan ya miƙa wa Inna ita.

"Wagga ba karaya ba ta," in ji shi. "Ƙashi bai karye ba balle in ɗora. In na matsa da ƙarfi ɓata ta za ni yi. Ku kai ta asibiti tun ƙashin yana ɗanye."

Inna ta ce, "Malam, mai jego ce fa, ko bakwai ba a yi ba."

"A yi suna, a tafi," ya ce. Baba ba ya maimaita magana.

Ranar suna kuwa na sha shawara har ta ishe ni. Wata ta ce a riƙa gasa ƙafar da ruwan zafi ana shafa man shanu. Wata ta ce kitsen damo. Wata ta ce a ƙyale ta, in ta fara tafiya nauyin jiki zai miƙe su. Wata tsohuwa ta matso kusa da kunnena ta tambaye ni ko na taɓa yi wa gurgu dariya ina da ciki, ko na bi bakin rafi da magariba. Wallahi da ba a gidan suna muke ba da ta ji amsar da ba ta so. Aka raɗa wa yarinya Nafisa. Kun ga na rubuta sunan ko a jikina, amma a lokacin ko da wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan faɗe shi ba.

A ranar ne Gwaggo Ige ta karɓi ragamar komai. Ita ƙanwar Baba ce, kuma ita ta haifi maigidana, auren gida aka yi mana. Mace ce mai zafin nama, mai son jikarta kamar ranta, wannan ba zan taɓa musawa ba. Ta ce, "Ɗiyata ta, ni za ni kai ta." Kowa ya ce madalla, har da ni.

Kwana goma da haihuwa muka kama hanya: ni da Gwaggo da maigidana. Daga Aliero zuwa Jega, a canza mota zuwa Birnin Kebbi, ga ni da ɗanyen jiki, na yi wankan jego tun da asuba ina ta tururi. Muka yanki kati, muka zauna layi tun ƙarfe takwas, ba a kira mu ba sai da aka yi azahar. A bencin nan ne na gane ba ni kaɗai ba ce. Ga mai jariri da tsagaggen leɓe, ga wadda kan ɗanta ya kumbura da ruwa, ga mai ƙari a gadon baya, ga wata da aka ce ɗanta huda gare shi a zuciya, in ya yi kuka leɓensa sai ya yi baƙi. Masu irin ƙafarmu kuwa sun fi biyar. Kowa ta rufe nata da zane, muna satar kallon juna.

Wadda ke kula da ɗakin ƙafa wata ma'aikaciya ce, Malama Rifkatu, Kirista ce 'yar Zuru, bakinta kamar reza amma hannunta sanyi. Ta ga Gwaggo riƙe da jaririya, ta ce, "Ina uwar?"

Gwaggo ta nuna ni da haɓa. "Ga ta can. Ai kin san ɗiyar fari ta."

"Na sani, Hajiya, amma ta matso. Ciwon nan na shekaru ne, ba na yini ɗaya ba."

Na matso taku biyu, na tsaya ina kallon kalandar bango.

Likitan matashi ne, ba ya gaggawa. Ya ce ƙafar tana gyaruwa sarai in an bi ƙa'ida. Sannan ya ɗauko wata takarda, ya ce suna wani bincike a kan yaran da ake haifa da tawaya a sassan jiki daban-daban, kai ne, leɓe ne, baya ne, ƙafa ce, suna son su gane abin da ke kawo ta da kuma abin da ke sa magani ya ci ko ya ƙi. Ya ce in ba mu so ba dole, aikinmu za a yi mana ko mun ƙi. Maigidana ya ce mun yarda. Ya yi ta tambaya: na je awo, wane magani na sha da ciki, ina shiga gona in ana feshi, an taɓa haifar irin haka a dangi, akwai zumunta tsakanina da mijina. Nan Gwaggo ta hau.

"To, mi kake nufi? Jininmu ad da ciwo?"

Ya yi murmushi. "Hajiya, da na san amsar da ban tambaya ba. Yawancin masu irin ƙafar nan ba a san takamaiman dalili ba. Kowa muke tambaya haka. Kuma ba laifin uwa ba ne, ba laifin kowa ba ne."

Wannan kalma ta ƙarshe ta sauke mini wani dutse daga ƙirji, domin tun ranar suna nake lissafin inda na taka da abin da na ci.

Aka fara aiki. Likita ya riƙe ƙafar ya juya ta kaɗan, Malama Rifkatu ta naɗa filasta, wanda mu ke ce wa siminti, tun daga yatsu har cinya. Duk mako sai mu koma, a cire, a ƙara juyawa, a sa sabo. Makon farko yarinya ta yi kuka har muryarta ta dishe, Inna kuma ta yi ta mita don an hana a tsoma ta a ruwa, sai dai a goge ta da tsumma. Ta ce ita ba ta taɓa ganin jinjirin da ba a yi wa wanka ba. Mako na biyu muka koyi duba yatsun, in sun yi fari ko sun kumbura a garzaya. Mako na uku fitsari ya jiƙa bakin simintin ya fara wari, Malama Rifkatu ta wanke mu tas da faɗa. Kuɗin mota kuwa ya ci buhunan albasar maigidana ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa ɗaga murya a kai ba, Allah ya saka masa. A mako na huɗu da aka cire simintin, na saci kallo, na ga tafin ya fara kallon ƙasa. Na ji kamar in yi guɗa, na haɗiye.

Mako na shida suka yi mata ɗan ƙaramin yanka a agara, bayan diddige, don diddigen ya sauko. Ko minti goma ba a yi ba, amma ni a waje na ji kamar shekara. Suka sa siminti na ƙarshe na mako uku. A tsakanin nan na yi arba'in har na wuce, aka mayar da ni Fagada. Ranar da aka cire na ƙarshen, wallahi in ba a gaya maka ba, ba za ka ce ƙafafun nan sun taɓa lanƙwasa ba. Gwaggo ta ɗaga ta sama tana juyi a tsakiyar ɗakin likita.

Sai Malama Rifkatu ta ɗauko wasu 'yan takalma guda biyu, an haɗa su da sandar ƙarfe, kowanne yana kallon waje. Likita ya ce, kuma har yau ina jin muryarsa: "Siminti shi ya miƙe ƙafa, takalmin nan shi zai hana ta komawa. Ƙafar nan tana da taurin kai har shekara huɗu. Kuka yi sake, za ta koma inda ta fito." Wata uku za ta sa shi dare da rana, a cire na awa ɗaya kawai don wanka. Bayan nan sai lokacin barci, har ta shekara huɗu. Malama Rifkatu ta nuna yadda ake ɗaurawa, kuma Gwaggo ta koya wa, tunda ita ke riƙe da yarinya. Ta ce mini, "Ke amarya, ido nan." Na sunkuyar da kai. Amma ta wutsiyar ido na ga komai: diddige ya zauna tukuna, sai maɗaurin tsakiya, sai sauran.

A Fagada gida ɗaya muke da Gwaggo, ɗakinta na kallon nawa. Da gari ya waye take zuwa ta ɗauki yarinya, ba a kawo mini ita sai in za ta sha nono. Kwana uku na farko Nafisa ta ƙi takalmin ƙiri-ƙiri, tana harba ƙafa tana tsala ihu. Kuma babbar matsalar, ba ta goyuwa. Sandar ta haɗe ƙafafun, ba yadda za a yi su raba su rungumi ƙugu. Mace a wurinmu kuwa in ba ta goya ba, hannunta a ɗaure yake. Ga shi lokacin aikin albasa, gida ya cika da hidima.

Rana ta biyar na fito zan ɗebi ruwa, na ga Nafisa a bayan Gwaggo tana barci, ƙafafu tsirara. Gwaggo ta ga ina kallo, ta ce, "Na ɗan cire mata ta huta. An sa ma ɗiya mari kamar wadda ta yi sata." Na ce, "To." Wannan "to" ɗin ita ce babban kuskurena a duniya.

Awa ɗaya ta zama safe zuwa azahar. Safe zuwa azahar ta zama yini. Kafin wata ya ƙare takalmin ya samu ƙusa a bangon ɗakin Gwaggo, kusa da faifai. In na karɓe ta da yamma ina so in je in ɗauko shi, amma ta yaya zan shiga ɗakin surukata in ciro abin da ta rataye da hannunta, a kan 'yar fari? Me za a ce? Na gaya wa maigidana a ɓoye. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Ni ma fa ɗiyar fari ta gare ni, Zinatu." Ya dai je ya yi wa mahaifiyarsa magana a kaikaice. Ta ce, "Ƙafa ta miƙe, mi za a yi da ƙarfe kuma? Ni na goye ka, ka ga ka karkace?" Ya dawo ya zauna.

Ranar komawa asibiti sai Gwaggo ta kakkaɓe takalmin ta ɗaura mata. Likita ya buɗe takardar bincikensa ya ce, "Awa nawa take sa shi a rana?" Gwaggo ta ce, "Kullum yana ƙafarta." Ya rubuta. Ina tsaye ina kallon alƙalamin yana tafiya. Sau biyu aka yi haka. Na uku ma ba mu je ba, aka ce ana cirar albasa.

Tana wata bakwai, wata rana ina ba ta nono, na riƙe ƙafar hagu ina wasa da ita tunda ba kowa. Na ga ta karkata ciki. Na tura ta waje a hankali, ta ƙi zuwa inda take zuwa da. Diddigen ya fara ɗagewa. Ta dama ma ta fara bin sahu. Na ce wa maigidana gobe asibiti, ko da a ƙafa ne. Bai taɓa jin na yi magana da wannan murya ba, ya ce to. Gwaggo ta ce za ta bi mu. Da ta zo sa takalmin da safe, diddigen ya ƙi zama, sai ta ɗaure shi haka nan.

A layi muka zauna kusa da wata mata daga Karaye ta ƙasar Maiyama, da 'yarta mai kamar shekara bakwai, kyakkyawa, an yi mata kitso. Yarinyar ta tashi za ta sha ruwa, sai na ga a kan gefen ƙafafunta take tafiya, wurin ya yi kanta baƙi ƙirin, ba takalmi don ba wanda ke shiga. Na ce wa uwar, "Ba a kawo ta da wuri ba ne?"

Ta girgiza kai. "Tana jinjira munka kawo ta. An miƙe su sarai, kamar ba a yi ba. Mu munka cire takalmin, don tausayi. Yanzu sun ce sai babban aiki, kuma ko an yi ba za ta zama kamar da ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Makaranta ma ta ƙi zuwa, yara na kwaikwayon tafiyarta."

Gwaggo tana ji, ta kau da kai. Ni kuwa kallon yarinyar nake yi ina ganin tawa.

Da muka shiga, likita ya cire takalmin, ya juya ƙafar, fuskarsa ta canza. Ya jawo takardar. "Awa nawa take sa shi?"

Gwaggo ta ce, "Kullum yana..."

"Likita," na ce. "Wata uku ke nan takalmin yana rataye a ƙusa. Ba a sa mata sai ranar da za mu zo nan. Ina gani, ban hana ba."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Na zaci likita zai zage mu, amma sai ya ja layi a kan abin da ya rubuta a baya, ya ce, "Na gode da kika faɗa. Da kin yi shiru, takardar nan za ta nuna ƙafa ta koma alhali ana sa takalmi. Da mun ɗauka takalmin ne ba ya aiki, mu canza wa 'yarki magani a banza, kuma ƙaryar ta shiga cikin binciken da za a yi wa wasu yara aiki da shi." Ya ce ba a makara ba, amma sai an koma siminti.

Malama Rifkatu ta matso. Ta zare Nafisa daga hannun Gwaggo cikin ladabi, ta dangwara mini ita a ƙirji. "Ungo ɗiyarki. Ke za ki riƙe ta a sa simintin." Na riƙe ta a gaban surukata da mijina, tana kuka ina rarrashi da baki, karo na farko.

Muka koma Fagada. Washegari da safe Gwaggo ta zo bakin ƙofata kamar kullum, ta miƙo hannu. Matan gida suna tsakar gida suna tsintar albasa. Na durƙusa har ƙasa, na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ki gafarce ni. Nafisa tana wurina daga yau."

Na ji wata ta ce, "La ilaha illallahu, ta faɗi sunan!" Wata ta saki tiren hannunta.

Gwaggo ta ce, "Yau na ga ɗiyar zamani. Ni kike hana ma jikata?"

"Ba hana ki na yi ba, Gwaggo. Ki zo ki ɗauke ta duk sanda kike so, amma a gabana, kuma da abin da likita ya sa mata."

Ta juya ta tafi. Ta aika wa Baba cewa ɗiyarsa ta zubar da kunya. Bayan kwana biyu sai ga shi a kan babur. Ya saurari kowa, sannan ya ce wa ƙanwarsa, "Ige, kin taso gidan ɗori. Kin taɓa ganin na yarda an kwance ɗori kafin lokaci don mai shi na kuka?" Ta ce ai wannan daban. Ya ce, "Ba daban ba ne." Ni kuma ya ce mini, "Ke ma da laifinki, wata uku kina kallo." Ban musa ba. Ya sha ruwa ya hau babur ɗinsa. Gwaggo ba ta ƙara yi mini magana ba sai amsa gaisuwa, ita ma a taƙaice.

Siminti na biyu ya fi na farko wuya nesa ba kusa ba. Yarinya ta yi wayo, ta yi ƙarfi, ta fara son rarrafe, ga zafin bazara, ƙuraje suka feso mata a cinya. Sau uku aka sa. Albasar da maigidana ya ajiye a rumbu yana jiran ta yi tsada, dole ya fitar da ita da wuri. Allah ya taimaka ba a sake yanka ba. Aka ba mu sabon takalmi, aka ce mu sake wata ukun nan daga farko, dare da rana.

Na yi su cif, ban rage yini ɗaya ba. Tunda ba ta goyuwa, a kafaɗa nake saɓa ta, ko in zaunar da ita a cikin babban kwano da tsumma kusa da ni ina aiki. Hannuna na dama ya yi ta ciwo har ba na iya ɗaga tulu. Daka da surfe sai da na riƙa roƙon maƙwabta. Mata suka sa mini suna "Uwar Nafisa", suna faɗa suna dariya, a gidan biki ana nuna ni da baki. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, akwai ranar da na shiga ɗaki na yi kuka don an ce wai tun ina budurwa idona a tsaye yake. Na share hawayena na fito na ɗaura takalmi.

Ga abin da na koya, ku riƙe. A sa safa mai laushi, kada ta tattare. Diddige ya zauna daram kafin a ja maɗauri, akwai 'yar huda a bayan takalmin da ake leƙawa a gani. A naɗa tsumma a sandar don kada ta buge ku ko ta buge ta. Kukan kwana huɗu ne ko biyar, in ba a cire ba sai su saba, in kuwa ana cirewa ana mayarwa kullum sabon kuka ne. In fata ta yi ja ta ƙi washewa, a koma asibiti, kada a cire a zauna. Kuma in likita ya tambaye ku, ku faɗi gaskiya ko a gaban wa. Ina gode wa likitan nan da Malama Rifkatu, duk da layinsu ya cinye mini ranaku da yawa kuma sau biyu muna zuwa a ce takalmin da ya yi daidai da ita ya ƙare, mu dawo wani mako. Allah ya biya su.

Bayan wata ukun aka koma sawa lokacin barci kawai. Da rana Gwaggo ta samu ta goya jikarta, ta ɗan fara sakin fuska. Nafisa tana da shekara ɗaya da wata huɗu, wata ranar Juma'a da la'asar, muna tsakar gida ana yankan kuɓewa, ta kama zanen Gwaggo ta miƙe. Ta saki. Ta yi taku ɗaya, biyu, har biyar, ta faɗa jikina. Gida ya kaure da guɗa. Gwaggo ta taso da sauri, ta ɗaga ƙafar yarinyar ta duba tafin. Ƙasa ta shafe shi gaba ɗaya, tun daga yatsu har diddige. Ta duba ɗayan, shi ma haka. Hawaye suka zubo mata, ta yi ta faɗin alhamdulillahi.

Matan suka ce, "Shi ke nan, an huta! A jefar da ƙarfen nan a masai." Har maigidana yana dariya yana cewa ai magana ta ƙare.

Bayan sallar magariba na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, na zaunar da Nafisa, na ɗauko safa da takalmin. Tana ganinsa ta fara zillo, yau ta ɗanɗana tafiya ba ta son a ɗaure ta. Gwaggo ta taso daga ƙofarta ta tsaya a kaina.

"Zinatu," ta ce. Rabon da ta kira sunana an fi wata takwas. "Ɗiya ta taka da ƙafarta, kowa ya gani. Yau ɗai ki bar ta ta kwana sake."

Muryarta a sanyaye take, roƙo take yi, kuma wannan ya fi faɗanta wuyar ƙi.

Na ce, "A'a, Gwaggo. Saura shekara biyu da wata takwas."

Na ci gaba da sa safa. Yarinya tana harbi tana ihu, diddigen ya ƙi zama, hannuna biyu sun kasa. Ban ɗaga kai ba na ce, "Gwaggo, riƙe mini diddigen."

Sai na ji ƙarar gwiwoyinta, ta durƙusa a kan tabarmar, ta sa hannu ta danne diddigen jikarta a cikin takalmin. Na ja maɗaurin.